Kafin ka biya a haɗa maka manhajar kasuwancinka, duba kurakuran da aka fi yi

Yanzu abin ya zama yayi, da harkar mutum ta ɗan buɗe, ko mai injin shinkafa ne a Kura ko mai sayen riɗi da zoɓo yana kaiwa Dawanau, sai ka ji ana ce masa Alhaji ai ka wuce littafi, a haɗa maka manhaja taka ta kanka mana. Wani lokacin gaskiya ne, amma sau da yawa kuɗi kawai ake zubarwa.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne zaton manhaja za ta gyara hargitsi. Yaron da ba ya rubuta buhu nawa ya fita daga sito a littafi, wallahi ba zai shigar a waya ba, sai dai ya ce maka ba sabis ko caji ya ƙare. Gyaran shi ne ka fara tsayar da doka a takarda, wa ke karɓar kaya, wa ke fitarwa, wa ke da ikon ba da bashi, a yi kaka guda a haka ba fashi. In an iya, shi ne abin da za ka miƙa wa mai haɗa manhajar, don shi ma bai san harkarka ba.

Sai masu tsallake abin da yake a shirye. Excel ko Google Sheets, wato manhajojin jera lissafi layi-layi, sun ishi mai shago ɗaya da sito ɗaya, WhatsApp Business na da wurin jera kaya da farashi, Moniepoint da OPay kuma suna nuna maka duk kuɗin da ya shigo da wanda ya fita. In rigar kanti ta yi maka daidai, me ya kai ka wurin tela?

To yaushe ne lokaci ya yi? Lokacin da yadda kake aiki ya ƙi shiga cikin waɗancan. Misali kana ba manoma taki da iri bashi da damina su biya da buhu da kaka, kana da masu saya maka a Gujungu ran Lahadi da Maigatari ran Alhamis kowa da kuɗin da ka tura masa da la'adarsa, ana aunawa da kwano a ƙauye kai kuma da kilo za ka sayar, ga shanshera da in aka turara aka shanya aka kai inji nauyin da ya shiga ba shi ke fitowa ba, kuma kana so ka san asarar daga ina take, daga ɗanyen kaya ne ko daga hannun wani. Manhajojin da ake sayarwa yawanci an yi su ne don shagon da ake sayen abu a biya a tafi, ba su san bashin da ake biya da hatsi ba. In ka ga abu ɗaya mutum uku ke rubuta shi kuma lissafinsu bai taɓa haɗuwa ba, ka zauna ka ƙiyasta nawa kake rasawa a shekara. In ya fi kuɗin haɗawa da na kula da ita, to ka yi. Akwai ma masu jinkiri har lissafi ya fi ƙarfinsu saboda komai a kan Alhaji yake, ranar da ya tafi Umara harka ta tsaya, wannan ma kuskure ne.

Wani abin kuma, a gwada manhaja a ofis cikin birni inda sabis ya cika, a tafa, a kawo ta ƙauye ta yi ta juyi ba ta buɗewa. Tun farko ka ce sai wadda ke aiki ba intanet, ta ajiye a waya in an samu sabis ta tura. A gwada ta a tsakiyar kasuwa, a kan ƙaramar itel ko Tecno ɗin da yaranka ke riƙewa, da Hausa, da manyan maɓallai, don wasunsu ajami suka fi ganewa ba boko ba.

Mutane da yawa sun ɗauka sau ɗaya ake biya shikenan. A'a. Wurin ajiyar bayanai a intanet duk wata ko duk shekara ake biya kuma galibi da dala, kuma kowa ya ga yadda dala ta haura naira 1,500 a 2024. Ga gyara in waya ta canza ko farashi da tsarin aiki sun canza. Ka tambayi kuɗin shekara a rubuce kafin ka ba da kafin alƙalami.

Sannan maganar ɗan uwa. Ɗan ƙaninka ya karanta kwamfuta a Dutse ko Wudil, madalla, ka ba shi aikin in ya iya, amma a rubuta yarjejeniya da shaidu ko da zai ji kunya. Asusun da suka shafi manhajar duka a buɗe da imel ɗinka da lambarka, asalin rubutun manhajar a ba ka kwafi, bayananka su zama kana iya fitar da su zuwa Excel duk sanda ka so, don gobe hidimar ƙasa za ta iya jefa shi kudu ka rasa wanda ya san ko lambar sirri. Biya kuma kashi-kashi, kowane kashi sai ka ga abin da ya yi aiki.

Kuma dan Allah kar a fara da kaka lokacin da motoci ke layi a bakin sito. A fara da damina da kasuwa ta lafa, da abu ɗaya kawai kamar bashin manoma, littafi na tafiya gefe guda har wata ɗaya ko biyu ana gwada lissafin biyun, in sun daidaita sannan a ƙara sito.