Kafin ka zuba kuɗi a lasifika mai tsada

Na taɓa sayen lasifikoki biyu masu tsada, na kai gida, sai sautin ya fito da ƙugi kamar daga cikin tulu. Ashe laifin ɗakina ne, bango da tayil suna mayar da amo. Da na shimfiɗa kafet, na rataya labule mai kauri, na janye lasifikokin rabin mita daga bango, muryar mawaƙi ta fito tas.

Don haka fara da ɗakin. Tazarar da ke tsakanin lasifikokin ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujerarka, ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti kuma ya yi saitin kunnenka.

Ranar gwaji, tafi da waƙar da ka haddace. Sa a daidaita ƙarar mai tsada da matsakaiciyar da za ka gwada, domin kunne yakan zaɓi wadda ta fi ƙara ko da ba ta fi kyau ba. Rufe ido, wani ya riƙa sauya maka. In ka kasa bambance mai tsada da matsakaiciya, ɗauki matsakaiciyar. Wayar haɗi mai tsada kuwa, ni ban taɓa jin amfaninta ba, ta jan ƙarfe mai kauri ta ishe ka.