Yadda ɗalibai za su kafa shirin adalci da zaman tare a jami'a

Jihar Katsina a yau tana da manyan makarantu da ke tara ɗalibai daga wurare masu nisa da juna, kamar Jami'ar Al-Qalam da aka kafa a 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta biyo baya a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura. A aji guda za a tarar da ɗan birni da ya yi makarantar kuɗi, da ɗan ƙauyen Batsari ko Jibiya wanda rashin tsaro ya raba iyayensa da gonakinsu, da Bahaushe Kirista daga yankin Malumfashi, da Bayaraben da aka haifa a Funtuwa, da matar aure mai goyo, da mai larurar gani. Zamansu a aji ɗaya bai sa damarsu ta zama ɗaya ba, kuma aikin shirin da ake magana a kai shi ne rage wannan tazara.

Kada a fara da taron lacca. Kuskuren da ƙungiyoyin ɗalibai suka fi yi shi ne a kama zaure, a buga kyalle, a gayyato manyan baƙi su yi jawabi kan haɗin kai, a ci abinci a watse, alhali ɗalibar da ke amfani da keken guragu ba ta ma iya shiga zauren ba. Abin da ya kamata a fara da shi shi ne haɗa ƙaramin kwamiti na mutum bakwai zuwa goma, maza da mata, Musulmi da Kirista, 'yan jiha da baƙi, kuma lalle a sa masu buƙata ta musamman a ciki a matsayin masu yanke shawara, ba waɗanda ake yi wa alfarma ba. Daga nan sai a nemi malami ko malama guda mai mutunci a idon kowa ya zama uban shirin, a rubuta takarda zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai a nemi izini, domin shirin da ba shi da rajista ba ya samun ɗakin taro, kuma ba a amsa wasiƙarsa.

Bayan samun izini sai a ware makonni biyu ko uku na sauraro kawai. A zagaya makarantar da ƙafa tare da ɗalibi mai keke da mai sandar makafi, tun daga bakin ƙofa zuwa azuzuwa, ɗakin karatu, asibitin makaranta, masallaci, wurin ibadar Kirista da banɗaki, ana rubuta duk inda suka tsaya cak. Matakala uku kacal a ƙofar zauren lacca sun isa su sa ɗalibi ya riƙa jiran abokai su ɗaga shi har shekara huɗu, kuma wanda bai taɓa ganin fuskar mutum yayin da ake ciccibar sa a gaban jama'a ba, ba zai gane nauyin abin ba. A tambayi ɗalibai mata a keɓe, ta bakin mata 'yan'uwansu, game da laccar yamma da wahalar samun abin hawa zuwa cikin gari bayan magariba, da rashin wurin shayarwa ga masu goyo. A duba kuma zauren WhatsApp na aji: idan wakilin aji yana aika sanarwar canjin lokacin jarrabawa da saƙon murya cikin Hausa, to ya bar kurma a baya, ya kuma bar baƙon da bai ji Hausa ba. Gyaran wannan ba ya cin ko kwabo, illa a yi doka cewa kowace sanarwa a rubuce za ta zo, cikin harshen da kowa ke karatu da shi.

Daga cikin abubuwan da aka tara a zaɓi biyu kawai a zangon farko, waɗanda za a iya gamawa a gani da ido. A ganina batun masu buƙata ta musamman ya fi cancanta a fara da shi, domin doka tana bayansu, kuma babu mai jayayya da shi ta fuskar addini ko al'ada. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, aka kuma kafa hukumar ƙasa mai kula da su a 2020. A ambaci waɗannan a wasiƙar da za a kai wa hukumar makaranta cikin ladabi, a haɗa da roƙo takamaimai: a mayar da laccar ajin da ke da mai keke zuwa ƙasan bene, a zuba siminti a yi gangara a ƙofofi biyu ko uku da aka fi bi, a ba mai larurar gani ƙarin lokaci da mai rubuta masa a jarrabawa. Hukumar JAMB tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawa ta musamman, saboda haka suna shigowa jami'a, sai dai wahalarsu takan fara ne da takardun darasi da ake rabawa a buge. Idan malami ya ba da kwafin kwamfuta, manhajar TalkBack da ke cikin wayar Android ko manhajar NVDA da ake saukewa kyauta a kwamfuta za ta karanta musu. Hoton shafi da aka ɗauka da waya ba ya wadatarwa, rubutun kansa ake buƙata, don haka a samu masu sa kai da za su riƙa buga shi.

Abu na biyu shi ne talauci, wanda ya fi kowane bambanci korar ɗalibi a ɓoye. Tun 2024 asusun NELFUND yake ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati bashin karatu marar ruwa, amma da yawa daga 'yan karkara suna kasa cike takardun saboda matsalar lambar NIN ko BVN ko rashin data. A kafa tebur ɗaya da kwamfuta a makon rajista a taimaka musu, a kuma gaya musu gaskiya cewa bashi ne da za a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Idan an tara taimako ga wanda ya kasa biyan kuɗin rajista, a biya kai tsaye, kada a ɗauki hotonsa, kada a karanta sunansa a taro.

Batun addini da ƙabila yana son natsuwa. Ban ga amfanin fara shi da muhawara ba, domin muhawara tana sa kowa ya koma bayan nasa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon da ta kafa hidimar ƙasa a 1973, bayan yaƙin basasa, aiki tare ta dogara da shi wajen sanin juna, kuma wannan dabara tana aiki a jami'a. A gayyaci ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗalibai Kirista da ƙungiyoyin jihohi su haɗu a ba da jini a asibiti, ko su shirya darasin bita ga 'yan aji ɗaya kafin jarrabawa. A roƙi malamai su riƙa haɗa rukunin aikin gida da kansu maimakon barin kowa ya zaɓi 'yan garinsu, a kuma lura kada a sa gwaji ko taron shirin a lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi. Idan saɓani ya taso a ɗakin kwana, a saurari kowane ɓangare shi kaɗai kafin a haɗa su. Amma ƙarar cin zarafi ko neman lalata da ɗaliba ta fi ƙarfin kwamitin ɗalibai. Aikinsu a nan shi ne su rufa mata asiri, su raka ta ofishin da ke da hurumi, su kuma ci gaba da bibiya har a ga abin da aka yi.

Game da kuɗi, a taƙaita buƙata, a sa mutum biyu su riƙa sa hannu kafin a fitar da ko naira ɗaya, a guji karɓar tallafin ɗan takara, musamman idan zaɓe ya matso, domin ranar da aka ga hotonsa a kyallen shirin rabin ɗalibai za su janye.

Tun daga zangon farko a jawo 'yan aji ɗaya da aji biyu cikin kwamitin, saboda waɗanda suka kafa shirin za su gama karatu su tafi. A ajiye kwafin kowace wasiƙa mai hatimin karɓa, da jerin abin da aka gyara da wanda ya rage, a hannun uban shirin da kuma ofishin harkokin ɗalibai. A ƙarshen kowace shekara a sake yin zagayen nan da ƙafa tare da sababbin ɗalibai masu buƙata ta musamman, a gwada abin da aka gani da jerin bara, sannan a zaɓi ayyuka biyu na shekara mai zuwa.