Babi na 6: Gasa Kayan Lambu a Kan Gawayi

Darasi na 1: Baƙon da ba ya cin nama

Akwai mutanen da ba sa cin nama ko kifi, ba sa shan nono, ba sa taɓa ƙwai, man shanu ko zuma. A Ingila har ƙungiya gare su tun 1944. A nan Katsina kuwa, wani likita ne ya ce ya rage nama, wani tsada ce ta raba shi da mahauci. Ko wanne ya sauka gidanku, ba za a rasa abin sa masa a gaba ba.

Da rani kayan lambun Ajiwa da tumatirin Danja suna cika kasuwa. Ku sayi albasa 3, tattasai 4, gauta 6, dankali 2. Ku nemi man gyaɗa, gishiri da yajin ƙuli-ƙuli, irin na mai tsire.

Darasi na 2: Wuta

Ku hura gawayi a kurfoti a tsakar gida, ba cikin ɗaki ba. Gawayi na fitar da wata iska marar wari mai kashe mutum a rufaffen ɗaki.

Kun hura? To, ku jira. A nan kowa ke tuntuɓe, don haka kada ku ji kunya, mu tafi a hankali.

In gawayi yana baƙi, bai yi ba. In harshen wuta na tashi, bai yi ba. Sai farar toka ta lulluɓe shi, cikinsa ya yi ja. Wannan shi ne garwashi. Mu karanta tare: gar-wa-shi. Yakan ɗauki kamar minti 20.

Ku ɗora wayar gashi, ku kawo tafin hannu samanta, tazarar taƙi ɗaya, ku ƙirga: 1, 2, 3, 4, 5. In kun janye hannu tun a 2, wuta ta yi yawa, ku ƙara jira. In kun kai 5, madalla.

Me ya sa? Harshen wuta bayan gauta kawai yake ƙonawa, ya bar cikinta ɗanye. Wata baba a ajinmu ta kawo mini tata a faranti, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, na gatsa na ji ta garas-garas. Na ce, “Baba, kin jira toka?” Ta ce yara ne suka matsa mata. Washegari mutum uku suka maimaita abin da ta yi. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Wanda bai iya jiran minti 20 ba ya je ya dafa taliya. Sai toka ta fito. Ku rubuta a littafinku sau uku: sai toka ta fito.

Darasi na 3: Yanka da shafa mai

A wanke komai. A yanka da kauri, kamar faɗin yatsa biyu, don ƙanana zurarewa suke ta ramin waya. Dankali a fara tafasa shi minti 10. A jiƙa tsinken tsire a ruwa kafin a soka, kada ya kama wuta. A shafa man gyaɗa kaɗan. In ya yi yawa sai ya ɗiga, wuta ta tashi, mun koma darasi na 2.

Wayar da aka gasa nama a kai, a kankare ta tas. Wasu dunƙulen ɗanɗano akwai kaza a ciki, gara daddawa.

Darasi na 4: Juyawa

Gefe ɗaya ya yi zane-zane, a juya. Tsinke ya shige ba gardama, ya gasu. Yaji sai an kusa saukewa, ƙuli-ƙuli saurin ƙonewa gare shi.

Darasi na 5: Masara

Kowa ya iya gasa masara. A gwada a gida, a kawo ranar Asabar.