Darasi na 7: Yadda Ake Auna Mazaunin Kifi a Rafi

Idan ma'aikacin muhalli ya zo rafi, yakan cika kwalba da ruwa ya kai ɗakin gwaji. Gwajin yana da amfani, amma halin da ruwa yake ciki a sa'ar da aka ɗiba kaɗai yake nunawa. Ruwa kan fita tas a kwalba alhali an kwashe yashin gindinsa, an sare itatuwan gaɓarsa, kifi ya rasa inda zai fake ko ya zuba ƙwai. Shi ya sa masu kula da ingancin ruwa suke haɗawa da awon mazaunin kifi. Wannan awo, masunci ko mai lambu a bakin rafukan Zariya irin su Kubanni, Galma ko Saye zai iya yinsa.

A nemi igiya mai tsawon mita 100 da aka ƙulla a kowace mita 10, sanda mai alamar santimita, farar roba, littafi da biro. Mutum biyu ake so, ɗaya yana awo ɗaya yana rubutu. A auna wuri ɗaya sau biyu a shekara: a Nuwamba bayan damina, da Maris ko Afrilu lokacin da ruwa ya ja baya. Kada a shiga rafi a Agusta.

A fara da gindin rafi, don nan ne aikin yake. Mai awo ya riƙa ratsawa daga gaɓa zuwa gaɓa. Duk taku ɗaya ya sunkuya ya taɓa abin da ke gaban babban yatsan ƙafarsa, ya faɗa: laka, yashi, tsakuwa ko dutse, har sau 100. Kada ya duba kafin ya taɓa, domin ido manyan duwatsu yake zaɓa, lissafi ya lalace. Sannan a ciro duwatsu goma a dubi shatin da laka ta bari a jikinsu. In abin da ya nutse bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, da kyau. In ya wuce rabi, laka ta toshe ramukan da ƙwarin ruwa ke zama, tana kuma shaƙe ƙwan kifi. Lakar tana zuwa ne daga noma har bakin ruwa, da zaizayar ƙasa, da ɗibar yashi. Sai dai rafukanmu da yawa dama masu yashi ne. Don haka a nemi wani wuri can sama da mutane ba su dama ba, a auna shi a kwatanta.

Gaɓa ba ta da wuya. A shimfiɗa igiyar a tsawon gaɓa, a kowane ƙulli a rubuta ko ta zube ko ciyawa da saiwoyi suna riƙe da ita, faɗin ciyawar taku nawa ne, kuma ko akwai inuwa. Ruwan da rana ta dafa ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, kuma yawancin kifaye suna son miligiram 5 a kowace lita ko fiye. Ciyawar ma wurin haihuwa ce, cikinta tarwaɗa ke zuba ƙwai idan ruwan farkon damina ya malale ta.

A ƙirga gurabu masu zurfi, a zura sanda a rubuta zurfin kowanne. Da bazara nan kifi ke taruwa. Injin ban-ruwa biyu ko uku a kan ƙaramin gurbi suna iya ƙafar da shi, kifin shekara mai zuwa ya tafi ke nan.

Daga nan a wanke duwatsu biyar cikin farar robar. Ƙwari iri-iri, musamman 'yan ƙanana masu jela uku, alamar lafiya ce. In jajayen tsutsotsi ne kawai cikin baƙar laka mai wari, ƙazanta ta cinye iskar ruwan. Kada ganin tarwaɗa ya ruɗi kowa, ita tana tasowa ta shaƙi iskar sama, tana rayuwa inda ƙarfasa da ƙawara suka daɗe da gudu. Ganin kifi yana haki a saman ruwa da asuba shi ma a rubuta shi, don a lokacin iskar ta fi ƙaranci.

Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana sa guba da abin fashewa a ruwa. Hukumar kula da dokokin muhalli ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, da hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna, KEPA, su ke bin masu gurɓata muhalli. Amma hukuma hujja take nema. Inda kwata, wurin wankin mota ko ruwan rini ke zuba a rafi, a auna mita 100 a sama da wurin, a auna mita 100 a ƙasa, rana ɗaya, a sa kwanan wata, a ɗauki hoto da waya. A kai wa sarkin ruwa ko mai unguwa kwafi ɗaya, ɗaya ga sashen muhalli na ƙaramar hukuma, littafin kuma ya zauna a hannun ƙungiya don awo na gaba.