Darasi na 7: Ɗora Sandar Kewayawa a Shafin Lambar Waya

Buɗe wata manhaja a wayarka, ka dubi saman allo. Za ka ga siririyar sanda, sunan shafi a tsakiyarta, maɓallin komawa baya a hagu. Ita ce sandar kewayawa.

Tun 2015, da fitowar iOS 9, tsarin da ke tafiyar da iPhone, kamfanin Apple ya tanadar wa masu haɗa manhaja shiryayyen shafi mai suna CNContactViewController, wanda ke nuna suna da lamba da adireshin mutum ɗaya. Sai dai ba ya zuwa da sandarsa. In ka buɗe shi haka kawai, zai fito tsaf, amma babu maɓallin adanawa, babu na fasawa. Mutum ya gama rubuta lamba, ya duba sama ya duba ƙasa, ya rasa inda zai taɓa.

Gyaran ba shi da yawa. Ƙirƙiri shafin tukuna. In sabuwar lamba za a shigar, zaɓi forNewContact. Sannan ka sa shafin cikin UINavigationController, wanda shi ke samar da sandar, a matsayin rootViewController, wato shafin farko. A nan ne da yawa suke tuntuɓe: UINavigationController ɗin za ka miƙa wa present, umarnin da ke fito da shafi a allo, ba shafin ba. Da ka yi haka, maɓallan nan biyu za su fito da kansu.

Fitowarsu ba ita ce ƙarshen aiki ba, domin ba sa rufe shafin. Dole ka naɗa delegate, wato wakilin da shafin zai sanar wa in an gama, ka kira dismiss, umarnin rufe shafi, a cikin didCompleteWith, inda sanarwar ke isowa. In mutum ya fasa, babu lambar da za ta dawo maka, sai nil, wato ba komai. Duba wannan kafin ka taɓa ta.

In tsohuwar lamba za ka nuna, kuma manhajarka tana da sanda tun farko, pushViewController, umarnin da ke ɗora sabon shafi kan na baya, ya wadatar. Maɓallin komawa zai zo. Amma ka ɗauko lambar da descriptorForRequiredKeys, wanda ke fayyace bayanan da shafin ke buƙata, in ba haka ba manhajar za ta mutu nan take. Haka za ta yi, tun daga iOS 10, in ka nemi lambobi ba ka rubuta dalilinka a NSContactsUsageDescription cikin Info.plist, fayil ɗin saitunan manhajar, ba.

Shi kuwa CNContactPickerViewController, shafin zaɓen lamba, yana da tasa sandar. Bar shi yadda yake.

Aikin gwaji: buɗe shafin sabuwar lamba ba sanda, sannan da sanda. Rubuta maɓallan da ka gani a kowanne.