Yadda za ka kula da hic mai raba nauyin tirela, da lokacin da ake neman canji a garanti

Wannan bayanin na 'yan uwa ne da ke Amurka ko Kanada masu jan tirelar kwana da fikof, irin wadda ake tafiya hutu da ita. In tirelar ta yi nauyi, da zarar ka ɗora bakinta a kan ƙwallon nan na bayan mota sai bayan ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, burki ma ya rage kamawa. Shi ya sa ake sa hic mai raba nauyi, wato ƙarfen da ke haɗa tirela da mota, wanda ke da sanduna biyu na ƙarfe masu tauri da suke mayar da wani ɓangare na nauyin kan tayoyin gaba da kuma tayoyin tirelar. Nauyin bakin tirela dai ana son ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukkan nauyinta.

To abin da mutane da yawa ba su gane ba, wannan ƙarfen an yi shi ne ya riƙa gogar juna. Fenti zai goge, wurin zai yi sheƙi, zai yi ƙara in kana shan kwana har mutane su waiwayo, duk wannan ba lalacewa ba ne. Aikinka shi ne ka san cin ƙarfen da yake daidai da wanda yake haɗari.

Fara da giris, don a nan aka fi yin ɓarna. Ƙwallo yana son giris kaɗan, haka ma inda kan sandunan ke shiga cikin kan hic ɗin yana juyawa. Kafin ka sa sabo ka goge tsohon da tsumma, saboda giris da ya kwashi yashi cin ƙarfen yake yi ba kare shi ba. Amma fa ba ko'ina ake shafawa ba. Wannan siririyar sandar gefe mai hana tirela lilo, da gogayya take aiki kamar burki, kana sa mata giris ka kashe ta. Na kamfanin Andersen kuwa, mai sarƙa a madadin sanduna, ƙwallonsa ma ba a sa masa giris don tare da tirelar yake juyawa. Kamfanonin Equal-i-zer, Reese, Blue Ox, Husky, kowanne da nasa tsarin, don haka ka buɗe ɗan littafin da ya zo da naka, kar ka bi abin da maƙwabcinka a sansani ya ce alhali nasa wani iri ne daban.

Sai notoci. Kafin kowace doguwar tafiya ka bi su da sifana mai awon ɗauri, ba da ƙarfin hannu da "ai ya ɗauru" ba. Notin babban ƙwallo mai inci 2 da 5/16 ɗaurinsa ya kan wuce 400 a ma'aunin ɗauri na "foot-pound", wanda yawancin sifanonin gida ba sa kaiwa, gara ka kai shagon tirela su ɗaure maka. In kan hic ɗin ya fara motsi a jikin mariƙinsa, ko ka ga washa ta lotse, to karkatar kan ta canza, sandunan ba sa ɗaukar abin da suke ɗauka da.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka tsaya a wuri mai baje, ka auna daga ƙasa zuwa bakin madigadin tayar gaba, ba tirela. Ka ɗora tirela ba sanduna ka sake aunawa, sannan ka ɗaura sanduna ka auna na uku. Ana so gaban ya dawo aƙalla rabin abin da ya ɗaga, amma kar ya sauka ƙasa da awon farko. In kana son tabbas ka hau sikelin CAT da ke tashoshin manyan motoci. Kuma don Allah duk lokacin da za ka sa ko cire sanduna ka fara ɗaga bakin tirela da jak tana maƙale da motar, sandar da ke ɗauke da nauyi in ta ƙwace tana iya karya ƙafa.

Abubuwan da in ka gani ka ajiye tafiyar: tsagewa a jikin walda ko da siririya ce kamar gashi, sandar da ta lanƙwashe ba ta dawo ba, ramin fil da ya zama mai tsawo maimakon zagaye, zoben sarƙa da ya sirance ko ya miƙe, da ƙwallon da ya lafe a gefe ɗaya. Masu zama jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara, irin su Michigan da Minnesota, ku riƙa cire hic ɗin ku wanke ku ajiye a gareji, in ba haka ba tsatsa za ta like shi a cikin bututun bayan motar da yake shiga har sai an sa guduma.

Maganar garanti kuma, ganin an rubuta "na har abada" a kwali kar ya ruɗe ka. Yawanci abin da suke ɗauka shi ne kuskuren ƙira ko na walda, kuma ga wanda ya saya sabo da farko. Cin yau da kullum, tsatsa, fenti, lodin da ya wuce adadin da ke rubuce a jikin sandar, ba ruwansu. Ka ajiye rasit, ka yi rajista ranar da ka saya. In matsala ta fito ka ɗauki hotuna masu kyau na wurin da na lambar da ke jiki, ka tura wa kamfanin ko dilan tare da nauyin tirelarka, kuma kar ka jefar da abin da ya lalace don wani lokacin sai sun ce a aiko musu. Babban abin da ke kashe garanti shi ne ka kai wa mai walda ya ɗan taɓa maka, ko ka huda sabon rami da kanka. Da sun ga haka magana ta ƙare, sai dai ka sayi sabo da kuɗinka.