Yadda Magidanci Zai Tunkari Matsalar Raunin Gaba

Mutane da yawa suna zaton miƙewar gaba tana zuwa ne daga ɗaurewar tsoka, alhali kuwa sakinta ne ke kawo ta. A cikin mazakuta akwai sassa biyu masu kama da soso, cike da wata irin tsoka wadda mutum ba ya iya juya ta da nufinsa, kuma a yawancin lokaci a ɗaure take. Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyi suna sakin sinadarin naitirik oksaid, sai tsokar ta saki, jini ya kwararo ya cika sassan, har su danne hanyoyin da jinin yake bi ya koma.

Don haka magidancin da ya ga rauni ya fara da zuwa asibiti, a Katsina ko Daura, a gwada masa sukari da hawan jini, domin su da shan taba suna lalata ƙananan hanyoyin jini, kuma wannan rauni yakan riga ciwon zuciya bayyana. Ya guji kwalaben maganin maza da ake talla da lasifika a tashar mota, tunda ba a san abin da aka zuba a ciki ba.

Sildenafil, maganin raunin gaba wanda aka amince da shi a Amurka a 1998 da sunan Viagra, ba ya haifar da sha'awa. Tsawaita sakin tsokar kawai yake yi. Mai shan magungunan ciwon ƙirji na naitiret kada ya kusance shi, domin bugun jininsa na iya faɗuwa warwas. Idan miƙewa ta wuce awa 4, a garzaya asibiti ba tare da jin nauyi ba.